Bindigar Baba a Kan Taya

Shekara talatin da ɗaya ina goge bindigar nan, ina shafa mata mai, ina hawa duwatsun bayan gonarmu da ita a kafaɗa, amma ranar da maganar gyaranta ta taso sai aka ce a tambayi Kelvin. Kelvin ƙanena ne. A Dubbo yake zaune, tafiyar awa huɗu da rabi daga nan, yana sayar da na'urar sanyaya ɗaki, kuma rabonsa da ya harbi wani abu mai numfashi tun kafin gashin kansa ya zube. Amma shi ne ɗa namiji. A wajenmu bindigar uba ta ɗa namiji ce, ba a rubuta haka a ko'ina ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalili. Da Baba ya ji ƙarfinsa ya fara tafiya, sai ya shiga gari aka mayar da takardar bindigar da sunan Kelvin, ya dawo ya miƙo mini ita ya ce in ci gaba da ajiye masa a akwatin ƙarfe na gidan gona, tunda Raelene matar Kelvin ba ta son bindiga a gidanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na karɓa, don ba a yi wa Baba musu, har ya rasu kuwa ban tayar da maganar ba.

Tsohuwar bindigar soja ce, irin wadda muke kira ɗari uku da uku saboda lambar harsashinta. An ƙera ta tun yaƙin duniya na farko, kakanmu ya saye ta a gwanjo bayan na biyu. Katakon gindinta ya yi baƙi a wurin da kuncin Baba ya shekara arba'in yana goga, nawa kuncin kuma ya ɗora daga inda ya tsaya. Da ita nake maganin awakin daji. Na fili ba damuwa, ana kora su da babura a loda a mota a kai mahauta. Na kan duwatsu kuwa babu babur ɗin da ke isa gare su. Da zafi ya kama sai su sauko wajen tafki, su bi itatuwa sittin da na dasa da hannuna, irin da muke kira kurajon, su ɓare musu ɓawo zagaye guda. Itacen da aka yi wa haka ya gama yawo. Ganyen kurajon ɗin nan kuwa shi nake sa ran sassabe wa tumakina duk shekarar da fari ya zo, kuma fari a nan ba ya saɓa alkawari.

A watan Oktoba na harbi wata akuya daga nisan da ban taɓa kuskure ba, harsashi ya karkace ya same ta a cinya. Rabin yini na yi ina bin jininta cikin duwatsu kafin in ƙarasa ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don Baba bai koya mini wahalar da dabba ba. Washegari na sa bindigar a bayan kujerar a-kori-kura na nufi garin Cobar wurin Athol Pascoe.

Athol shi ne maƙerin bindigar garin, ya haura saba'in, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar harbi. Ya zare sakatar bindigar, ya ɗaga bututun wajen haske, ya leƙa da ido ɗaya.

"Glenys, wannan ai bututun famfo kika kawo mini. Zaren cikinsa duk ya goge, sumul."

"Na sani. Shi ya sa na zo."

"Sabon bututu kawai take so. Sauran jikinta lafiya lau, sai ta binne ni ta binne ki. Wace lamba za a sa mata?"

"Ashirin da biyar," na ce.

Ya yi murmushi, don ya san na san abin da nake faɗa. Ashirin da biyar kwanson ɗari uku da uku ne aka matse masa wuya ya riƙe siririn harsashi. Yana tafiya a miƙe, ba ya dagargaza nama, ba ya dukan kafaɗa, tawa kafaɗar kuwa sanyin ƙashi ya fara cinta. Babban abin shi ne jikin bindigar ba zai ma san an canza komai ba. Rabin manoman yankin nan haka suka yi wa nasu lokacin ƙuruciyar Baba.

Sai Athol ya jawo takardar ya duba, ya sosa ƙeya.

"Kash. Da sunan Kelvin take."

"To sai me? Kai ba ka san wa ke harba ta ba?"

"Na sani, kowa ma ya sani. Amma ba zan taɓa ta ba sai mai ita ya ce in taɓa. Kada ki sa a ƙwace mini lasin da tsufana."

Mai ita! Na ji kalmar har cikin haƙorana. Na fita waje na kira Kelvin a waya, ina zaton zai ce in yi yadda na ga dama ya kashe, kamar yadda yake yi in na kira shi kan shinge ko kan tumaki. Ina! Ranar sai ga ɗan'uwana ya tuna yana da gādo. Ya ce kada a taɓa komai, yana nan tafe ranar Asabar.

Ya zo kuwa, da sabuwar hula mai faɗi wadda rana ba ta taɓa gani ba. Muka tsaya mu uku a shagon Athol, bindiga kwance a kan tebur tsakaninmu.

"Ashirin da biyar?" in ji Kelvin. "Haba Yaya, sai ka ce zomo za ki harba. Wa ma ke sayar da harsashinta yanzu? Ɗari uku da takwas za a sa. Kowane shago ka shiga akwai shi, daga nan har Darwin."

"Me za ka je yi Darwin?"

"Farautar ɓauna. Ni da abokaina muna shirin zuwa."

"Ɓauna! Kai da saniyar maƙwabcinmu Hendy ta juyo ta kalle ka, ka haye shinge ka bar takalmi ɗaya? Karambanin akuya, gai da kura."

"Lokacin shekarata tara."

"Goma sha tara dai. Ni na ɗauko takalmin."

Athol ya yi gyaran murya. "Kelvin, ɗana, ba za ta ɗauka ba."

"Ɗari uku da uku, ɗari uku da takwas. Biyar ce kawai tsakaninsu."

"Ba a lambar abin yake ba, a ƙarfin albarushi yake." Athol ya ɗauki sakatar ya nuna masa da yatsa. "Ka ga nan? Daga baya take kullewa, ƙarfenta kuma ya haura shekara ɗari. Ka ba ta harsashin da ya fi ƙarfinta, kowane harbi zai riƙa tura ta baya kaɗan-kaɗan, har ranar da za ta ce ta gaji. Ranar kuwa idonka ne a bayanta."

"Na karanta a waya, mutane da yawa sun yi, ba abin da ya same su."

"Waɗanda yatsunsu suka rage ne suka iya rubutawa."

Na yi dariya, kuma nan na yi kuskure. Kelvin ba ya ɗaukar a yi masa dariya a gaban mutane, tun yana ƙarami haka yake. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce tsofaffi ba sa son ci gaba, ya ce ashirin da biyar bindigar mata ce, ya ce in Athol ba zai iya ba akwai mai iyawa. Abokinsa Mudge yana da injin feƙe ƙarfe a garejinsa a Dubbo.

"Mudge mai gyaran injin yankan ciyawa?" na ce.

"Yana gyaran komai."

"Kelvin, zafi na tafe. Awaki sun fara saukowa. Da me zan tsare itatuwana?"

"Sati biyu ne kawai, Yaya. Kuma ki daina magana kamar taki ce."

Ya naɗe ta a bargo ya sa a motarsa. Ina tsaye a bakin shagon ina kallo, babu abin da zan iya, don takarda tana gefensa. Athol ya dafa mini kafaɗa ya ce in shiga ya haɗa mini shayi. Na ce masa ya sha kayansa, na ja mota na koma gida ina zagin duk wani shinge da na wuce.

Sati biyun nan ya zama bakwai. Na ari bindigar maƙwabcina Hendy, bayan kwana shida ya aiko a karɓa don karnukan daji sun addabi 'yan tumakinsa. Na sayi wayar shinge na naɗe gindin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ina durƙuso cikin rana har gwiwoyina suka kumbura. Awakin suka riƙa miƙewa a ƙafafun baya suna cin abin da ke sama da wayar. Akwai wani bunsuru fari mai karyayyen ƙaho da ya gane ba ni da komai a hannu. Sai ya tsaya a kan dutse yana tauna yana kallona, in na jefe shi ya matsa taku biyu ya ci gaba. Itace goma sha huɗu na rasa. Duk sanda na kira Kelvin sai ya ce Mudge na jiran wani ƙarfe daga Sydney, in yi haƙuri.

Ya iso wata Lahadi a tsakiyar Disamba, lokacin zafinmu a nan, da hantsi, rana ta riga ta fara gasa ƙasa. Ya shimfiɗa bargon a teburin baranda ya buɗe a hankali yana jiran in yaba. Sabon bututu na sheƙi. Sai idona ya kai kan katakon. An kankare shi tas, an shafa masa wani fenti mai ƙyalli launin zuma. Baƙin wurin kuncin Baba babu shi.

"Wa ya ce a yi wannan?"

"Kyauta Mudge ya yi. Ya ce dauɗa ta yi yawa a wurin."

"Dauɗa."

"Ai ta fi kyau yanzu, ko? Kamar sabuwa."

Ya fito da wani gwangwanin biskit cike da harsasai, ya ce Mudge ne ya ɗura su da kansa, har ya ɗan ƙara musu albarushi saboda ɓauna. Daga nan ya ɗauki bindigar ya ce zai je bakin tafki ya nuna wa awakin nan waye mai gida.

"Ba inda za ka da ita sai ta hau taya," na ce.

A nan haka ake yi. Duk bindigar da aka taɓa mata bututu, ba a fara harba ta da kafaɗa. Ana ɗaure ta a kan tsohuwar taya, a ɗaura doguwar igiya a kunamarta, mutum ya laɓe bayan itace ya ja. Sau uku. In ta wuce ukun nan lafiya, sannan a kai mata kunci. Haka kakanmu ya yi, haka Baba ya yi, Athol da kansa haka yake yi duk da kayan awonsa.

"Haba Yaya! Wannan ai tsoron mutanen dā ne. Mudge ya gwada ta."

"Ka gani da idonka?"

"Ya ce zai gwada."

"Bindiga taka ce, na ji. Ƙasar nan kuwa tawa ce, sunana ne a jikin ƙofa. Ba wanda zai fashe fuskarsa a gonata in ta faman wanke baranda. Ko ta hau taya, ko yanzu in kira Raelene in karanta mata abin da Athol ya ce."

Sunan Raelene ya yi aikinsa. Muka gangara bayan rumfar askin tumaki inda tsohuwar tayar tarakta take, muka ɗaure bindigar da igiyar buhu tana fuskantar tudun ƙasa. Na warware igiya taku talatin zuwa bayan wani katon itace. Kelvin ya sa harsashi, ya zo ya tsaya kusa da ni yana huci, ya ja.

Ƙarar ta kori tsuntsaye daga kan rumfa. Taya ta yi tsalle ta zauna. Bindiga na nan lafiya.

"Kin gani? Ina tsohon naki? Da ma yana nan ya ga ƙarfen da ya gaji."

"Saura biyu."

Na biyu ma ya tashi. Amma da ya je zare kwanson, sakata ta ƙi ɗagawa. Ya ja, ya ja, sai da ya doke ta da tafin hannu sau uku kafin ta buɗe. Na tsinci kwanson a ƙasa yana da zafi. Gindinsa ya kumbura, ga wani farin zobe ya zagaye shi kamar an zana da wuƙa. Na san wannan zoben, Baba ya taɓa nuna mini irinsa a kwanson wani mutum da ya ƙarasa rayuwarsa da ido ɗaya.

"Kelvin, tsaya. Dubi nan. Ta fara bayarwa."

"Sabon ƙarfe ne, dole ya yi tauri."

"Ba bututun ba ne, jikinta ne ke miƙewa. Don Allah mu kwance ta yanzu. In muka tsaya nan Athol zai iya ceto ta. A cire wannan a sa mata abin da za ta iya. In ba ka son ashirin da biyar, a mayar mata da ɗari uku da ukunta, na yarda. Ni zan kai ta, ni zan ɗauko ta."

Ni Glenys, da ban taɓa roƙon Kelvin ko cokalin sukari ba, ga ni ina roƙonsa a bayan rumfar aski. Shi kuwa ya ji daɗin abin, na gani a fuskarsa.

"Ke dai ba kya so a ce na yi daidai ko sau ɗaya. Biyu sun tashi lafiya. Na ukun da kafaɗata zan harba, a kan bunsurun nan naki."

"Uku ake yi a taya."

"To ai shi ke nan." Ya je ya cusa harsashi na uku, ya danne sakatar da ƙarfi, ya dawo ya jefo mini igiyar a ƙirji. "Ja da kanki, tunda ke ce matsoraciyar. In ba za ki ja ba in je in kwance kayata."

Na tsaya da igiya a hannu. In na ƙi ja, zai kwance ta ya kai mata kuncinsa, na san shi, ko don ya ba ni haushi zai yi. In na ja, na san abin da zan ja. Ban taɓa jin tsanar mutum irin ta wannan lokacin ba, kuma mutumin da na goya a bayana ne. Shi ya zaɓi lamba, shi ya zaɓi Mudge, shi ya ƙara albarushi, amma igiyar a hannuna ya ajiye ta.

"Matso bayan itacen sosai," na ce.

"Ina nan lafiya."

Na cafki wuyan rigarsa na fizgo shi ya faɗo jikina, sannan na ja.

Ƙarar ba irin ta biyun farko ba ce, kamar an doki ganga da guduma ta fashe. Wani abu ya wuce ta gefen itacen yana fito, ya je ya huda kwanon rumfa. Hayaƙi ya tashi fari.

Da muka je, katakon ya tsage gida biyu tun daga kunama har wuya. Gidan harsashi ya ɓalle ya nutse cikin ƙasa. Jikin bindigar ya buɗe ta gefe ya lanƙwashe, kan sakatar kuwa babu shi, shi ne ya huda rumfa. Wani guntun ƙarfe kamar ɗan yatsa ya shige cikin robar tayar, daidai wurin da fuskar mai harbi take zama. Sabon bututun Mudge ne kaɗai ko ƙwarzane bai yi ba.

Kelvin ya zauna a ƙasa daɓas, hular ta faɗi gefe. Ya kai hannu ya taɓa guntun ƙarfen, ya taɓa kuncinsa. Na jira. Na ce a raina ko da kalma ɗaya ce, ko "kin faɗa" ce, zan karɓa in haɗiye sauran.

"Mudge zai ji daga gare ni," ya ce.

Na juya na koma gida. Na ɗora ruwa a wuta, na zauna a baranda ina kallon duwatsu. Ban yi kuka ba, haushi bai bar wa kuka wuri ba.

Can sai ga shi ya taho da buhun abincin tumaki a hannu, abin da ke ciki yana ƙara. Ya tsattsince komai, har guntun da ke cikin taya ya ciro. Ya tsaya a ƙasan matakala yana juya hula.

"Yaya, ba sai Raelene ta ji wannan ba, ko?"

Na tashi na sauke ruwan daga wuta, na dawo na zauna.

"Ina ta tunani a can," ya ce. "Gaskiya ke kika fi amfani da ita. Tun tuni ya kamata a ce taki ce. Gobe in na koma zan sa a mayar da takardar da sunanki."

Ya hau matakala biyu, ya ajiye buhun a gaban ƙafata a hankali.

"Ga ta nan. Na bar miki."